Balaraba Ramat Yakubu: Yarinyar da aka cire daga makaranta ta zama marubuciya

Duk wanda ya karanta *Wa Zai Auri Jahila?* ba zai manta da Abu ba, yarinyar nan da aka cire daga makaranta aka aurar wa tsoho Sarkin Noma. Abin da wasu makaranta ba su sani ba shi ne, marubuciyar littafin ba a bakin wani ta ji irin wannan labari ba. Ita ma ta sha wannan ɗacin.

A Kano aka haifi Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, kuma ƙanwa ce ga marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, shugaban ƙasar da aka kashe ran 13 ga Fabrairu, 1976. Mai karatu zai ce ai 'yar irin wannan gida sai ta ture boko. Ina! Ba ta wuce shekara 13 ba aka raba ta da aji, aka yi mata aure da wani babban mutum. Auren bai kai shekara 2 ba ya mutu, ta dawo gida da ɗan guntun karatu.

To, a nan labarin ya juya. Maimakon ta naɗe hannu, sai ta shiga ajin yaƙi da jahilci, ta ƙware a karatu da rubutun Hausa. Shi ya sa da Hausa take rubutu, kuma wannan ne ya kai ta zaurukan da masu Turanci ba su taɓa leƙawa ba.

Kafin ita, Hafsat Abdulwaheed ta share fage da *So Aljannar Duniya* a 1980. Da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasan Kano suka fara buga littattafai da kuɗin aljihunsu. A wannan yanayi ta fito da *Budurwar Zuciya* a 1987, ta kuma yi tafiya da ƙungiyar Raina Kama tare da su Ado Ahmad Gidan Dabino. A 1990 ta saki *Alhaki Kuykuyo Ne* da *Wa Zai Auri Jahila?*

Littattafan soyayya ake ce musu, amma fa soyayyar Hajiya ba ta furanni da wasiƙu ba ce kawai. Tambayarta ita ce: bayan an watse daga biki, wa ke ciyar da gida? Dubi Rabi, wadda Alhaji Abdu ya kora da 'ya'ya 9 saboda amarya, ta koma sayar da abinci don ta riƙe su.

Suka kam an sha. Malamai irin su Ibrahim Malumfashi sun kira wannan rubutu "Adabin Kasuwar Kano", yayin da Abdalla Uba Adamu ya tsaya masa. Lokaci ya yi nasa alƙalancin: an mayar da *Alhaki Kuykuyo Ne* fim a 1998, sannan a 2012 kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassararsa ta Turanci, wadda Aliyu Kamal ya yi. Ita kanta ta shiga harkar fim, ta shirya *Juyin Sarauta*.

Har yau, daga Kano zuwa Shanga da Yawuri, akwai gidajen da ake shawarar ko yarinya ta ci gaba da makaranta ko a kai ta ɗaki. Kafin a yanke, a tuna cewa a littafin nan Abu ta koma karatu ta zama ma'aikaciyar jinya, har waɗanda suka raina ta suka dawo suna neman ta.