Tarihin Kwamfutar Kwaikwayo

Kwamfutar kwaikwayo, wato dabarar sa na'ura ɗaya ta zama tamkar na'urori da yawa, kowace da babbar manhajar da ke tafiyar da ita, ta samo asali ne a cibiyar binciken IBM da ke Kambrij a Amurka, inda tsarin CP-40 ya fara aiki a 1967, zamanin da tsadar kwamfuta ta tilasta wa mutane da yawa raba guda ɗaya.

Kwamfutocin tebur kuwa sun daɗe ba su samu wannan gata ba, saboda ƙwaƙwalwarsu ta x86 tana da wasu umarni da baƙuwar manhaja kan aiwatar ba tare da manhajar da ke sa mata ido ta ankara ba. Kamfanin VMware ya shawo kan matsalar a 1999 ta hanyar sake rubuta irin waɗannan umarni kafin su isa ƙwaƙwalwar, dabara mai kaifi, ko da yake tana rage sauri. Sai a 2005 Intel ya gina tallafin wannan dabara, mai suna VT-x, cikin ƙwaƙwalwar kanta, AMD ya bi sahu a 2006, kuma manhajar kwaikwayo ta VirtualBox, tun daga sigarta ta 6.1 a 2019, ta daina karɓar tsofaffin na'urorin da ba su da irin wannan tallafi.