Baƙin Keken Kakana: Tarihin Ɗinki a Mardjandafak

A zauren gidanmu da ke unguwar Mardjandafak, cikin birnin Njamena, akwai wani baƙin keken ɗinki wanda ya girmi mahaifina. Shekaru biyu da suka wuce wani mai sayen tsofaffin ƙarafa ya yi sallama da kurarsa, ya ɗaga kan keken ya ji nauyinsa, ya taya shi da kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba. Saura kaɗan in sallama, domin keken ya daskare, ƙura ta rufe shi, kuma babu mai hawansa tun rasuwar kakana. Kakata ce ta jiyo cinikin daga tsakar gida, ta ɗaga murya ta ce: "Maigidana, in ka sayar da keken nan ka haɗa da ni, don tare muka zo gidan nan." Na ce: "Iya, ai ba ya aiki." Ta ce: "Ni ma ba na aiki, ko ni ma awon kilo za ka yi da ni?"

Wannan magana ce ta sa na zauna bin diddigin keken, na kuma gane cewa tarihinsa da na Hausawan unguwarmu a ɗinke suke wuri guda.

Bari mu fara da garin. A ranar 22 ga Afrilu 1900 aka gwabza yaƙin Kusiri tsakanin Faransawa da Rabe, inda aka kashe Rabe, aka kuma kashe kwamandan Faransawa mai suna Lamy. A wannan shekarar Émile Gentil ya kafa sansani a ƙetaren kogin Shari ya sa masa suna Fort-Lamy, sunan da garin ya riƙe har 1973, lokacin da Shugaba Tombalbaye ya mayar da shi Njamena. Shekara uku bayan kafa sansanin, wato a 1903, Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato. Jama'a masu yawa suka yi hijira gabas, kuma hanyar hajji ta ƙasa, wadda ta bi ta Barno da Chadi da Sudan zuwa bakin Bahar Maliya, ta ƙara cika da mutane. Tafiyar takan ɗauki shekaru. Mutum yakan yada zango ya yi sana'a, ya tara guzuri, sannan ya ƙara gaba. Wasu sun isa Makka, wasu kuma zangon ya zama gida. Wani masani mai suna John Works ya rubuta littafi sukutum a kan Hausawan Chadi a 1976. Haka mahauta da wanzamai da dukawa da malamai da maɗinka suka zauna a tsofaffin unguwanni irin tamu, wadda sunanta a Larabcin Chadi ke nufin murjani ya zube.

Kakana yana cikin waɗanda zango ya riƙe. Daga ƙasar Katsina ya taso da niyyar hajji, ba shi da jari sai allura da ɗan almakashi. Ɗinkin hannu ya gada, irin na babbar riga mai aska biyu ko aska takwas, wanda riga ɗaya kan ci makonni. Wannan sana'a tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, ya tarar da tufafin da ake saƙawa ana rinawa a can suna kaiwa har Tambutu da Murzuk da Tarabulus. Abin sha'awa, a wannan shekarar ta 1851 ce wani Ba'amurke mai suna Isaac Singer ya yi rajistar kekensa na ɗinki. Kano tana tsakiyar cinikin tufafin hannu, can kuma ana haihuwar abin da zai sauya sana'ar.

Singer ba shi ya fara ba. Tun a 1830 wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya ƙera keke, har ya buɗe wurin ɗinkin kayan soja a Paris da kekuna kusan 80. Telolin hannu suka ji tsoron rasa abincinsu, suka far wa wurin suka farfasa kekunan a 1831. A 1846 kuma Elias Howe ya yi rajistar keke mai zare biyu, na sama da na ƙasa, da allura mai ƙofa a bakin tsini. Inda kamfanin Singer ya yi wa saura fintinkau shi ne wajen ciniki. A 1856 abokin kasuwancinsa Edward Clark ya fito da tsarin biya kaɗan-kaɗan, mutum ya ɗauki keke ya riƙa biya daga abin da keken ke samo masa. Daga baya suka gina ƙatuwar masana'anta a Kilbowie, yankin Clydebank a Sikotlan, wadda ta yi ta aika kekuna ƙasashen duniya har aka rufe ta a 1980. Harafin K da ake liƙa wa sunan samfuri, kamar 15K, Kilbowie yake nufi.

Namu keken 15K ne. Da na goge gefen damansa sai na ga ɗan tambarin tagulla mai shuɗin zagaye, ɗauke da shekaru biyu, 1851 da 1951. Irin tambarin da kamfanin ya sa wa kekunansa ne don cika shekara 100, wato an ƙera shi a wannan tsakanin. Iya ta ce a Kano kakana ya saye shi hannun wani tela, shekarar da aka ɗaura musu aure. Hanyar da ya biyo ita ce hanyar kayan Turawa da yawa a lokacin: jirgin ruwa zuwa Ikko, jirgin ƙasa zuwa Kano, wanda layinsa ya iso tun 1911, sannan babbar mota ta Maiduguri da Dikwa da Gamboru zuwa Kusiri, a ƙarshe a tsallaka ruwa. Ta ce amarya tana zaune a kan buhuna a bayan mota, ango kuma ya rungume kan keke a cinyarsa don kada gargadar hanya ta taɓa shi. Har yau ba ta yafe wa keken wannan ba.

Zuwan keke bai kashe ɗinkin hannu nan take ba, raba aiki aka yi. Keke ya karɓi haɗa jiki da hannu da kalmasa, allura ta riƙe ado da surfani. Amma ya sauya lissafin gida. Mutumin da ke gama riga ɗaya a mako ya koma gama kaftani da wando da jallabiya da yawa a yini. Da keken nan kakana ya sayi filin gidan da muke ciki, ya aurar da 'ya'ya, ya koya wa yara sana'a, ya kuma cika niyyarsa ta hajji, sai dai a jirgin sama, bayan Chadi ta sami 'yanci a 1960.

Ranar da keken ya fi nuna darajarsa ita ce ranar gudu. A Fabrairun 1979 faɗa ya ɓarke a cikin Njamena, ya sake dawowa da tsanani daga Maris zuwa Disamba 1980. Dubban mutane suka tsallaka kogi zuwa Kusiri ta Kamaru, kuma a lokacin ba a gina gadar Ngeli ba, sai dai kwalekwale. Kowane gida ya zaɓi abin da zai ɗauka. Kakana ya kwance kan keken daga teburinsa, ya naɗe shi a bargo, ya bar katifa da akwatunan kaya. A can ya samo marfi na juyawa da hannu ya ɗaura masa, ya zauna ƙarƙashin rumfa yana yi wa 'yan gudun hijira faci da rage tufafi. Mahaifina ya ce da wannan suka ci tuwo har ƙura ta lafa. Da suka dawo sun tarar an kwashe gidan, amma ƙafar keken ta ƙarfe tana nan, nauyi ya hana ɓarayi ɗauka.

Da na yanke shawarar tayar da shi, sai aka kwatanta mini wani dattijo mai gyaran kekuna a kusa da babbar kasuwa. Ya zo da 'yar jakarsa, ya juya wilin bai motsa ba, ya yi murmushi ya ce: "Ɗana, wa ya zuba masa man gyaɗa?" Na ce: "Baba, yaran gida ne, sun ji yana ƙara." Ya ce: "To ba mutuwa ya yi ba, ɗaure shi aka yi." Man girki yana bushewa ya zama danƙo, ƙurar hunturu ta hau kai, sai gaɓoɓin su cije. Kananzir ya ɗiga a kowace 'yar ƙofar mai, ya bar shi ya kwana. Washegari ya riƙa juya wilin a hankali har baƙin danƙo ya gama fita, ya goge, sannan ya bi da man keke na ainihi, ɗigo ɗaya a kowane wuri. Ya ce mai da yawa yadin mutane yake ɓatawa, ba ƙarfe yake amfana ba.

Abin da na koya a wurinsa cikin kwana uku ya kamata a rubuta, domin masu saninsa suna ƙarewa. Ya nuna mini yadda ɗinkin yake ƙulluwa: allura ta nutsa da zaren sama, da ta fara ɗagowa sai zaren ya yi ɗan lanƙwasa a bayanta, bakin ƙoshiya ya cafke shi ya zagaya da shi ta bayan kwarkwaro, zare biyu su sarƙe a tsakiyar yadi. Idan bakin ƙoshiya bai iso daidai saman ƙofar allura a wannan lokacin ba, keke zai riƙa tsallake. Amma ya gargaɗe ni da kada in yi saurin taɓa saitin ciki. Yawancin tsallake daga allura yake: ko ta lanƙwashe, ko ta dakushe, ko an saka ta baibai, ko ba a tura ta har ƙarshe ba. Idan zare ya cukurkuɗe a ƙarƙashin yadi, laifin na zaren sama ne, ko bai shiga tsakanin farantan matsi ba, ko matsin ya yi sako-sako. Idan yadi ba ya tafiya, a kwance farantin allura a share auduga da ta taru tsakanin haƙora. Bel ɗin fata yana miƙewa da tsufa, sai a yanke kaɗan a huda sabuwar ƙofa a maƙale, amma kada a ɗaure shi tamau don feda za ta yi nauyi. Zanen ruwan gwal da ke jikin keken kuwa ba ya son ruwa da sabulu, tsumma mai ɗan man keke ya ishe shi. Kuma in an tashi aiki a rufe shi, musamman lokacin hunturu.

Na tambaye shi ina za mu sami kayan keken da masana'antarsa ta rufe tun 1980. Ya ce wannan shi ne sa'ar samfurin 15. Bayan yaƙin duniya na biyu kamfanonin Japan sun kwaikwayi ƙirarsa, haka ma Butterfly na Shanghai da Usha na Indiya suka bi irin wannan zubi. Don haka allura da kwarkwaron da ake sayarwa yau a kasuwa suna shiga keken kakana. Gidan kwarkwaro ne kawai sai an lura, domin ƙahonsa ba wuri ɗaya yake kallo a kowane keke ba, sai a tafi kasuwa da tsohon a gwada.

Ba zan ce tsohon keke ya fi sabo a komai ba. Miƙaƙƙen ɗinki kaɗai ya iya. Ba ya aikin wuya, ba ya ƙofar maɓalli, kuma ba zai kamo keken lantarki na masana'anta a gudu ba. Saurayin da ke son buɗe shago ya yi gasa yana da gaskiya in ya nemi na zamani. Sana'ar kanta ma ta sha matsi. Karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994 ta tsadantar da yadin waje, gwanjo ya cika kasuwanni irin ta Dembe, ga kuma ɗinkakkun kaya masu araha daga Sin da Dubai. Duk da haka, wanda ya taɓa shiga layin teloli a daren jajiberin sallah aka ɗauke wuta ya san wane keke ne ke ci gaba da kuka. Mai feda ba ya jiran wuta, ba ya shan fetur, kuma duk abin da ya lalace a jikinsa ana gani da ido, a kwance da sukuddireba.

Abin da ke damuna ba ƙarfen ba ne, ƙarfe zai kai jikokinmu. Dattijon nan ya gaya mini cewa yaransa duk sun koma gyaran waya da babur, ba wanda ya tsaya ya koyi saita ƙoshiya. Idan irinsu suka kau, kekunan da ke zaurukanmu za su daskare ɗaya bayan ɗaya, mai kura ya zo ya auna su a kilo, a narkar. Kowane ɗayansu kuwa akwai gidan da ya gina da bakin da ya ciyar. Shawarata ga mai karatu, in akwai irinsa a gidanku, kada ka yi gaggawar da na so yi. Ka tambayi tsofaffi yadda ya zo, ka duba lambarsa da tambarinsa, ka nemo mai gyara tun yana da rai, ka kuma zaunar da yaro ɗaya a gefensa yana kallo.

Namu yanzu ƙanwata ce ke hawansa, tana ɗinka wa 'yan makarantar allo da na boko kaya, da kuɗin take biyan nata karatun. Ranar da ya fara ɗinki, Iya ta sa aka kawo mata kujera bakin zaure, ta saurara na ɗan lokaci, ta ce sautin bai canja ba. Sannan ta miƙo tsohon zanenta da ya yage a gefe, ta ce a fara da nata, tunda ita ce uwargida.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a sana'ar da suka bar mana.