MAKALAR MAKO: Guba mai zaƙi da ta shekara sama da 85 tana bin kwalbar maganin yara

Wannan makon za mu bi sawun wata guba guda ɗaya, daga Amurka a 1937 har zuwa Jos, Zariya da Banjul. Sunanta dayetilin gilaikol, a taƙaice DEG.

A shekarun 1930 aka samu salfanilamaid, ɗaya daga cikin magungunan farko da suka iya kashe ƙwayoyin cuta a jikin mutum. Ƙwaya ce ko gari, yara kuwa ba sa son haɗiyar ƙwaya. Sai kamfanin S. E. Massengill da ke garin Bristol a jihar Tenesi ya nemi mayar da shi na ruwa. Matsalar ita ce salfanilamaid ba ya narkewa sosai a ruwa. Babban masanin haɗa magani na kamfanin, Harold Watkins, ya gano yana narkewa tsaf a cikin DEG. Ya ƙara masa ɗanɗanon 'ya'yan itace, aka duba launi da ƙamshi da zaƙi, amma ba a gwada shi a kan ko ɓera ɗaya ba. Dokar abinci da magani ta 1906 ba ta wajabta irin wannan gwaji ba.

A watan Satumba 1937 aka fara sayar da shi da sunan Elixir Sulfanilamide. Kafin Oktoba ya yi nisa, likitoci a garin Tulsa suka fara kai rahoton mace-mace iri ɗaya: amai, ciwon ciki, fitsari ya ɗauke, sai mutuwa bayan kwanaki ana shan wahala. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta baza kusan dukan jami'anta suna bin kwalabe kanti-kanti. Daga galan 240 da aka haɗa sun ƙwato kimanin 234. Ɗan abin da aka sha ya kashe mutum sama da 100 a jihohi 15, cikinsu har da yara fiye da 30.

Da aka je kotu, ba a sami dokar da za a kama kamfanin da ita kan sayar da guba ba. Laifin da aka samu shi ne na suna: a ƙa'ida kalmar da suka rubuta a jikin kwalbar tana nufin maganin da aka narkar a barasa, wannan kuwa babu barasa a ciki. Tara aka ci su ta dala 26,100. Watkins ya kashe kansa. A ranar 25 ga Yuni 1938 Shugaba Roosevelt ya sa hannu a sabuwar doka wadda ta tilasta wa kamfani ya nuna shaidar cewa sabon magani ba shi da haɗari kafin ya shiga kasuwa. Cikin waɗanda suka yi gwajin da ya tabbatar DEG ce ta yi kisan akwai wata ɗaliba a Jami'ar Chikago, Frances Kelsey. Ita ce daga baya, tana ma'aikaciyar FDA, ta ƙi amincewa da talidomaid a 1960, maganin da ya sa aka haifi dubban jarirai da nakasa a Turai.

To me ya sa gubar da aka gane tun 1937 ta ci gaba da kisa? Amsar tana cikin duro. Farasitamol ma ba ya narkewa da kyau a ruwa, don haka masu haɗa sirof na yara suna amfani da gilisarin ko furofilin gilaikol, waɗanda ba su da illa a ƙa'idar da ake sawa. DEG tana kama da su ƙwarai: ba launi, ba wari, ga kauri, ga zaƙi. Kuma ta fi su arha, domin sinadarin masana'antu ce, irin wanda ake sawa a man birki. Ɗan kasuwa ya canza takardar jikin duro, duron ya bi hannu uku ko huɗu, kowa ya yarda da takardar wanda ya sayar masa, babu wanda ya ɗebi samfuri ya auna. Idan ta shiga jiki, hanta ce ke juya ta zuwa wasu sinadarai masu lalata ƙoda. Yaro kuma jikinsa ƙarami ne, kaɗan ta ishe shi.

Haka ta zo mana gida. A 1990 yara 47 suka rasu a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos bayan shan sirof na farasitamol da aka haɗa da DEG a madadin furofilin gilaikol. Idan aka haɗa da na Ibadan, yaran da suka mutu sun kai 109. Wannan masifa na cikin dalilan da suka sa aka kafa NAFDAC a 1993. Duk da haka, a Nuwamba 2008 asibitoci a Legas, Ibadan da Zariya suka fara ganin jarirai da ƙodarsu ta tsaya. Aka gano maganin haƙori ne mai suna My Pikin. Yara 84 suka rasu. A 2013 babbar kotun tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai.

Ba mu kaɗai ba ne. An yi a Bangaladash a farkon shekarun 1990, a Haiti a 1995 zuwa 1996, a Fanama a 2006. A 2022 yara kusan 70 suka mutu a Gambiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi ranar 5 ga Oktoba kan sirof huɗu na tari da mura da aka shigo da su daga Indiya. A wannan shekarar dai Indunusiya ta rasa yara wajen 200.

Abin da tarihin nan ke nuna mana shi ne, rajistar magani ba kullum ake yin ta ba, amma duro sabo yana shigowa kullum. Kariyar gaskiya ita ce a auna kowane duro kafin a zuba shi a tukunya, kuma wannan aikin kamfani ne da hukuma. Uwa a gida ba ta iya gane DEG da ido ko da harshe, don haka kada mu ɗora wa iyayen da suka rasa 'ya'ya laifi.

Amma akwai abin da ke hannunmu. Da yawanmu mun taso da cewa zawo da zazzaɓin jariri duk na haƙori ne, sai a aika kemis a sayo maganin haƙori. Fitar haƙori ba ta buƙatar wani haɗi na musamman, zawo da zazzaɓi kuwa ciwo ne da ke son a duba a asibiti. Mu rage ba yara sirof ba tare da dalili ba. Mu sayi magani a wurin mai lasisi, mu duba lambar NAFDAC, lambar rukunin da aka haɗa shi da ranar lalacewa. Idan yaro ya sha sirof sai amai ya ƙaru, ya yi laushi, fitsari ya ragu ko ya ɗauke, a daina ba shi, a garzaya asibiti, kuma a tafi da kwalbar. Ma'aikatan lafiya da ke cikinmu, idan kun ga yara biyu ko uku da ciwon ƙoda farat ɗaya a lokaci guda, ku tambayi abin da suka sha, ku kai rahoto. A Tulsa da Gambiya duka, likitocin da suka lura suka yi magana ne suka sa aka janye kwalaben.

Waɗanda suka tuna lokacin My Pikin, musamman mutanen Zariya da kewaye, muna son jin abin da kuka gani. Allah ya jiƙan yaran da suka rasu, ya ba iyayensu haƙuri, ya tsare mana na baya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.