Ɗakin Haya a Bloomsbury: Daga Solanke Zuwa Kanmu

Duk ɗalibin da ya taɓa yawo da jaka a titunan Bloomsbury, unguwar jami'o'in Landan, yana bin tallar ɗakin haya, ya san abin da ake kira gajiya. Ni kaina a 2023 sai da na yi mako uku ina kwana a falon wani ɗan'uwa, domin dillalin ya ce ko dai in kawo mai tsaya mini mazaunin Ingila, ko in biya kuɗin wata shida a dunƙule. Haushin wannan ne ya sa na shiga tonon tarihin waɗanda suka riga mu, na kuwa tarar namu wasa ne.

A 1922 Ladipo Solanke, mutumin Abeokuta, ya zo karatun shari'a a University College. A zamanin, baƙar fata zai ga talla a jarida, ya buga ƙofa, uwar gida ta leƙo ta dube shi ta ce ai yanzun nan aka kama ɗakin. Babu dokar da ta hana ta. Wanda ya dace ya samu kuma, sau da yawa sai an ƙara masa kuɗi. A 1925 Solanke da Dakta Herbert Bankole-Bright suka kafa Ƙungiyar Ɗaliban Afirka ta Yamma, wato WASU, kuma babban burinsu shi ne gida nasu na kansu. Solanke ya koma Afirka ta Yamma a 1929, ya shafe kusan shekara uku yana bin sarakuna da 'yan kasuwa yana neman gudummawa. Da kuɗin nan aka buɗe masaukin WASU a titin Camden Road a 1933.

A nan ne labarin ya yi daɗi. Ofishin Mulkin Mallaka bai so a ce ɗaliban ƙasashen da yake mulka suna taruwa inda ba ya jin abin da suke tattaunawa ba. Sai ga wani masauki da gwamnati ta goya wa baya, Aggrey House, an buɗe shi a 1934 a Doughty Street, cikin Bloomsbury ɗin. 'Yan WASU suka ce tarko ne na sa ido, suka fitar da ƙasida suna sukarsa, suka yi kira a ƙaurace masa. Mai karatu ya duba: mutum yana fama da rashin wurin kwana cikin sanyin Landan, a miƙo masa ɗaki mai ɗumi ya ce ba ya so. Ban sani ba ko ni zan iya. Amma a ganina sun gano abin da muke mantawa, wato mai riƙe da mabuɗin ɗakinka yana riƙe da wani abu na bakinka.

Cikin wannan yanayi malamanmu na Arewa suka iso. Abubakar Tafawa Balewa ya yi karatu a Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar Landan daga 1945 zuwa 1946, Malam Aminu Kano ya biyo baya a 1946.

Doka ta yi nawa ƙwarai. Ta 1965 ta hana wariyar launi a wuraren taruwar jama'a amma ba ta taɓa gidajen haya ba, sai ta 1968 ce ta haramta hana mutum haya saboda launinsa ko asalinsa. Daga 2016 kuma aka wajabta wa masu gidaje a Ingila su duba takardun zaman ɗan haya kafin su ba shi ɗaki. Babbar Kotu ta ce a 2019 tsarin yana haifar da wariya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke hukuncin a 2020.

Ni dai daga ƙarshe na samu ɗaki a Camden, tafiyar minti goma daga inda masaukin Solanke yake. Mai gidan bai ce komai kan launina ba. Fasfo ya fara tambaya.