Wanda Ya Sayi Rariya: Kamfanonin Yaƙi da Tarihin Kauce wa Hukunci

Gabatarwa

Da tsakar ranar 16 ga Satumban 2007, wasu motoci huɗu masu sulke na kamfanin Blackwater suka shiga dandalin Nisour da ke Bagadaza, suka tsayar da zirga-zirga, sannan suka buɗe wuta. Mutum 17 suka rasa rayukansu, cikinsu har da yaro ɗan shekara 9. Maharban ba sojojin Amurka ba ne. Ma'aikatan kamfani ne da Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ta bai wa kwangilar tsaron jami'anta. Kafin jini ya bushe a kan kwalta, tambaya ta taso: wace kotu ce ke da hurumin yi musu shari'a? Sai da aka shafe shekara bakwai kafin shari'ar ta kai ga hukunci.

Wannan muƙala za ta bi diddigin yadda sojan haya ya rikiɗe ya zama ɗan kwangila, da yadda doka ta kasa cim masa. Hujjarta ita ce, giɓin hukuncin da ke tattare da kamfanonin yaƙi yana cikin hajar da gwamnatoci ke saye idan suka ɗauke su aiki. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Dokar da Aka Yi wa Sojan Haya

Afirka ce ta fi ɗanɗana kuɗar sojojin haya a shekarun farko na samun 'yancin kai. Sun yi ɓarna a Kongo tun daga rikicin Katanga na 1960, sun kuma leƙo yaƙin basasar Nijeriya, inda Bajamushe Rolf Steiner ya jagoranci wata runduna a ɓangaren Biyafara. A 1976 gwamnatin Angola ta gurfanar da mutum 13, akasarinsu 'yan Birtaniya da Amurka, a gaban kotu a Luwanda. An harbe huɗu daga cikinsu, sauran aka ɗaure su. Wannan shari'a ta ƙara wa ƙasashen Afirka azamar neman dokar ƙasa da ƙasa, kuma wakilan Nijeriya ne suka gabatar da ƙudurin da ya zama Sashe na 47 na Ƙarin Yarjejeniyar Janiba ta Ɗaya, wadda aka amince da ita a 1977. A shekarar ce kuma Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta yi tata yarjejeniyar a Libreville, Majalisar Ɗinkin Duniya ta biyo baya a 1989.

Sai dai an saƙa ragar da manyan idanu. Kafin a kira mutum sojan haya a ƙarƙashin Sashe na 47, dole ne sharuɗɗa shida su haɗu a kansa gaba ɗaya. Daga ciki akwai cewa an ɗauke shi musamman domin faɗa, ya shiga faɗan da hannunsa, kwaɗayin kuɗi ne ya kawo shi, ba ɗan ƙasar da ke cikin yaƙin ba ne, kuma ba ya cikin rundunarta. Idan sharaɗi ɗaya ya faɗi, tuhuma ta rushe. Ba'amurken da ke yi wa Amurka aiki a Iraƙi ya tsira saboda ɗan ƙasa ne. Baƙon da aka rubuta sunansa a rajistar soja shi ma ya tsira. Abin da ke zuciyar mutum kuwa, ko kuɗi ko aƙida, ba abu ne da mai gabatar da ƙara ke iya tabbatarwa cikin sauƙi ba. Ita yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya sai a 2001 ta fara aiki, kuma Amurka da Birtaniya da Rasha ba su shige ta ba.

Daga Ɗan Kasada zuwa Kamfani

Ƙarshen yaƙin cacar baka ya sauya fasalin sana'ar. Manyan ƙasashe suka rage dakarunsu, ƙwararrun sojoji suka rasa aiki, makamai suka yi arha, ƙasashe masu rauni kuma suka rasa iyayen gidan da ke tallafa musu. A wannan yanayi ne Eeben Barlow, tsohon hafsan sojan Afirka ta Kudu na zamanin wariyar launin fata, ya kafa kamfanin Executive Outcomes a 1989. Kamfanin na da rajista da ofis da takardar kwangila, kuma gwamnatoci yake yi wa aiki. Ya taya gwamnatin Angola yaƙar 'yan tawayen UNITA daga 1993, sannan a 1995 gwamnatin soja ta Valentine Strasser ta gayyato shi Saliyo.

Adalci ya wajabta a faɗi abin da ya yi a can. Mayaƙansa 'yan ɗaruruwa sun kori 'yan tawayen RUF daga kewayen Freetown, suka ƙwato yankin lu'ulu'u na Kono, har aka samu sukunin yin zaɓen 1996 wanda ya kawo Ahmad Tejan Kabbah kan mulki. Amma kamfanin ya fice a Janairun 1997, kuma a watan Mayun shekarar sojoji suka kifar da Kabbah. Tsaron da aka yi hayarsa ya tafi tare da mai shi, bai bar wa ƙasar rundunar da za ta tsaya da ƙafarta ba. Da Afirka ta Kudu ta kafa dokar taƙaita aikin soja a ƙetare a 1998, kamfanin ya rufe, ma'aikatansa suka watsu cikin wasu kamfanoni. Barlow da kansa ya sake bayyana a farkon 2015 da kamfanin STTEP, a yaƙin da Nijeriya ke yi da Boko Haram. Hukumomi sun ce masu ba da horo ne kawai aka kawo, alhali shi ya bayyana daga baya cewa mutanensa sun fita fagen daga.

Iraƙi: Kariya Tun Kafin Laifi

A Iraƙi ne sana'ar ta kai ganiyarta. A wajajen 2007 yawan 'yan kwangilar da ke yi wa Amurka aiki ya yi kusan kunnen doki da na sojojinta. Mafi yawansu direbobi ne da masu dafa abinci da tafintoci da magina, da yawa daga ƙasashe matalauta, amma dubbai na riƙe da bindiga. Ribar da gwamnati ke samu ta wuce ta kuɗi. Ɗan kwangila ba ya cikin adadin dakarun da ake sanar wa majalisa, kuma idan ya mutu ba a lissafa shi cikin sojojin da suka kwanta dama. A yaƙin Afganistan, 'yan kwangilar da suka mutu sun fi sojojin Amurka da suka mutu yawa, amma kaɗan ne daga masu zaɓe suka san haka.

A Yunin 2004, gab da miƙa mulki ga 'yan ƙasa, shugaban hukumar mamaya Paul Bremer ya sanya hannu a kan Umarni na 17 da aka sabunta, wanda ya hana kotunan Iraƙi taɓa 'yan kwangila a kan ayyukan da suka shafi kwangilarsu. Da wannan alƙalami aka rufe ƙofar farko. Kotun soja kuma an gina ta ne domin masu kaki. Abin da ya rage shi ne kotunan farar hula na Amurka, ƙarƙashin wata doka ta 2000 da aka tsara domin masu yi wa Ma'aikatar Tsaro aiki, alhali Blackwater na ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje.

Shari'ar Nisour ta nuna tsawon wannan hanya. Binciken hukumar FBI ya gano cewa aƙalla mutum 14 daga cikin 17 an kashe su ba tare da hujja ba. An tuhumi masu gadi biyar a Disamban 2008. A ranar ƙarshe ta 2009 alƙali ya kori ƙarar, saboda masu gabatar da ita sun dogara da bayanan da aka karɓa daga waɗanda ake tuhuma bisa alkawarin kariya. Kotun ɗaukaka ƙara ta farfaɗo da ita a 2011. A Oktoban 2014 aka samu huɗu da laifi, bayan shaidu da dama sun taso daga Bagadaza zuwa Washington. An yanke wa Nicholas Slatten ɗaurin rai da rai, sauran ukun shekara 30 kowanne, daga baya aka rage musu. A ranar 22 ga Disamban 2020 Shugaba Donald Trump ya yi musu afuwa duka. Shi kuwa kamfanin ya sauya suna zuwa Xe a 2009, ya koma Academi a 2011, ya ci gaba da samun kwangila.

Gidan yarin Abu Ghraib ya ƙara fito da bambancin fili. Bayan hotunan azabtarwa sun bayyana a 2004, kotun soja ta hukunta sojoji 11, amma ba a gurfanar da ɗan kwangila ko ɗaya kan laifin ba, duk da cewa rahotannin binciken soja sun ambaci wasunsu. Ƙarar neman diyya da tsofaffin fursunoni suka shigar kan kamfanin CACI a 2008 sai a Nuwamban 2024 ta kai ga hukunci, inda aka umarci a biya mutum uku dala miliyan 42.

Gyaran da Ba Shi da Haƙora

Abin da ya faru a Iraƙi ya tilasta yunƙurin gyara. A 2008 Switzerland da Ƙungiyar Agaji ta Red Cross suka jagoranci ƙasashe 17 wajen amincewa da Takardar Montreux, wadda ta fayyace nauyin da ke kan ƙasar da ta ba da kwangila, da ƙasar da ake aikin a cikinta, da ƙasar da kamfanin ya fito. A 2010 kamfanoni suka sanya hannu a kan kundin ɗa'a. Ci gaba ne, sai dai takardar ba ta ɗaure kowa, kundin kuma shiga cikinsa ganin dama ne. Mafi girman horon da ke cikinsa shi ne kora daga ƙungiya.

Rasha ta kai dabarar matuƙa da rundunar Wagner, wadda ta daɗe tana musun alaƙa da ita. A garin Moura na tsakiyar Mali, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na Mayun 2023 ya ce sojojin Mali da baƙin mayaƙa sun kashe aƙalla mutum 500 a ƙarshen Maris na 2022. Gwamnatin Mali ta yi watsi da rahoton. A Nisour an san sunan kamfani da na maharba, har aka je kotu. A Moura ko sunan wanda za a kai ƙara sai an yi jayayya a kansa.

Kammalawa

Daga Luwanda zuwa Moura, darasin bai sauya ba. Inda aka samu hukunci, an same shi ne domin wata ƙasa mai iko ta ga dama, kuma ana iya janye shi da alƙalami ɗaya. Hana sana'ar gaba ɗaya ya gagara, domin gwamnatocin da za su hana su ne masu saye. Abin da ya rage shi ne a mayar da alhaki inda ya fito. Kafin ɗan kwangila ya ɗauki bindiga, a rubuta kotun da za ta yi masa shari'a. A ajiye kwangilar a gaban majalisa, a bayyana yawan ma'aikata da na mamata. A haramta wa masu kamfanin da aka samu da laifi sake samun aiki, ko da sun sauya suna. Sama da duka, ƙasar da ta biya kuɗin ta amsa laifin kamar sojanta ne ya aikata, domin wanda ya aiki mai bindiga shi ne mai harsashin. Ga ƙasashen Sahel da ke ƙara karkata ga baƙin mayaƙa, wannan magana ce ta yau. Gwamnati na iya ba da kwangilar dafa abinci da tuƙin mota, har da gadin ƙofa, amma nauyin jinin talakawanta ba ya shiga takardar kwangila.