Ɓera mai guntun bindi da 'ya'yan da ba a haifa ba

1/ Jama'a ku matso, yau labarin ɓera ne. Kar ku raina shi. 🧵

2/ Shekarar 1927, birnin Paris. Nadezhda Dobrovolskaya-Zavadskaya, likitar tiyata da ta baro Rasha bayan juyin juya hali, tana haska ɓeraye maza da hasken eksire don ta ga me zai faru da zuri'arsu. Sai ga wasu masu guntun bindi, kuma 'ya'yansu na gadon hakan. Aka sa wa abin suna Brachyury, wato guntun bindi da Girkanci, ko T a taƙaice.

3/ Ga inda lissafi ya ƙi. In ka haɗa masu guntun bindi biyu, kowane ɗa yana karɓar kwafi ɗaya na ƙwayar gadon daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya samu lafiyayyu biyu, bindinsa cikakke. Mai gurɓatacce ɗaya, guntu. To mai gurɓatattu biyu fa? Ya kamata su zama ɗaya cikin huɗu. Amma ko ɗaya ba a haifa.

4/ A 1935 Paul Chesley ya buɗe cikin uwayen ya duba. Ashe suna nan, sai dai suna mutuwa wajen kwana 10, alhali cikin ɓera kusan kwana 20 ne. Kai ya fara fitowa, amma ƙasan jiki babu. Siririyar igiyar da ke shata wa ƙashin baya hanya ba ta ginu ba. Abin da zai zama cibiya bai kai ga mabiyiya ba, don haka ba abinci daga uwa. Shi ke nan.

5/ Salome Gluecksohn-Waelsch, Bayahudiya da ta gudo wa Hitila, ta ɗora aikin a Jami'ar Columbia. A lokacin masana gado da masana ɗan tayi kowa harkarsa yake. Ita ta dage cewa aiki ɗaya ne, kuma a ganina ba a yaba mata yadda ya kamata.

6/ Ƙwayar kanta ba a kama ta ba sai 1990, a hannun Bernhard Herrmann da abokan aikinsa. Shekara 63 fa!

7/ Mu ma muna da ita, ana ce mata TBXT. A 2024 wani bincike a mujallar Nature ya danganta rashin bindin mutum da wani sauyi a cikinta. Da suka kwaikwayi sauyin a ɓeraye, wasu suka fito da guntun bindi, wasu babu sam.