Daga Sandar Gora Zuwa Fatsa Mai Kwarkwaro: Tarihin Kayan Su a Ƙasar Jama'a

Wanda duk ya kula da samarinmu a 'yan shekarun nan ya ga wani sabon yayi: doguwar sandar fatsa mai naɗewa, da kwarkwaron ƙarfe a gindinta, da wasu 'yan kifayen roba masu ƙyalli da ake ɗaura wa zare. A waya suka fara ganinta hannun Turawan Amurka masu kamun wani kifi da suke kira bas, daga nan 'yan kasuwa suka shiga kawo ta daga Legas da Anacha. Kuɗi ake zubawa ba kaɗan ba, kuma da yawa sai sun saya suke tambayar yadda ake aiki da ita. To, kafin mu yi maganar zaɓe, ya kamata mu san inda aka fito, domin kayan su a ƙasar nan suna da tarihi, tarihin kuwa yana tafe da na garin nan da zamanmu a cikinsa.

Mu fara da ruwan kansa. Ƙasar Jama'a tana gindin tsaunukan Jos ne, ga kuma duwatsun Kagoro a kanmu. Ruwan da ke gangarowa daga nan mai gudu ne, mai duwatsu, kamar yadda kowa ke gani a Matsirga. Wani ya bi Kogin Kaduna ko Gurara ya faɗa Kwara, wani ya bi Mada ya faɗa Binuwai. Mu a kan tudu muke, manyan koguna suna can ƙasa. Shi ya sa kifinmu na kusa yawanci tarwaɗa ce da karfasa da ƙananan kifayen dutse. Giwan ruwa da yauni da manyan tsage sai an gangara inda ruwa ya yi faɗi da zurfi.

Maƙwabtanmu da suka daɗe a bakin rafukan nan, Fantswam da Kaninkon da Bajju da Kagoro, suna da nasu hanyoyin. Akwai tare rafi da rani a kwashe ruwan gurbi a tsince kifin, akwai tarkon saƙa da ake girkewa a mashigar ruwa. Akwai kuma magimfa, wani tsiro da aka sani a faɗin tsakiyar Najeriya, wanda ake daka ganyensa a zuba a gurbi, kifi ya bugu ya taso sama. Hausawa kuma gadon sunmu daga yamma ya fito, daga Kabi da Yawuri, inda Sarkawa suka shahara har suka bazu a Kwara da Binuwai. Daga can ne sunayen da muke ji a bakin dattawa suka samo gindin zama: taru, birgi, koma, homa, mamari, undurutu, zago. Kowanne da ruwansa. Taru na fili ne mai yashi, birgi na jifa ne, mamari doguwar igiya ce mai ƙugiyoyi da yawa da ake kwana da ita a ruwa. A kan su duka akwai Sarkin Ruwa, wanda ke cewa yau a shiga, gobe a bari.

Ita fatsa a wancan zamani ba a ɗauke ta kayan sana'a ba, abin yara ce da mai neman na miya. Sandar gora ko gwangwala, zaren rama ko na auduga, ƙugiyar da maƙeri ya lanƙwasa, ɗan guntun kara da zai yi yawo a kan ruwa, sai tana ko gara. Ba a sayen komai in ban da ƙugiya. Amma zaren auduga yana ruɓewa in ba a shanya shi ba, raga kuma sai mutum ya zauna ya saƙa ta da hannu, makonni yana kai. Wannan wahalar ita ce ta riƙa kare kifi ba tare da kowa ya shirya hakan ba. Mai saƙa da hannu ba ya yin ido ƙanana, don aikin zai ninka masa.

Jirgin ƙasa ne ya juya komai. An fara shimfiɗa hanyar gabas daga Fatakwal a 1913, ta kai Inugu a 1916, ta iso nan a 1927, inda ta haɗu da ta Kaduna, reshe kuma ya hau Jos. A 1932 aka buɗe gadar Makurɗi, a 1933 kuma fadar Sarkin Jama'a ta dawo Kafanchan. Iyayenmu da kakanninmu da yawa a wannan tsakanin suka sauka, wasu fatake, wasu mahauta, wasu 'yan ƙwadago a tasha. Jirgin da ya kawo su shi ya kawo ƙugiyar kanti. Kamfanin Mustad na ƙasar Norway ya fara ƙera ƙugiya da inji tun 1877, kwalayensa suka cika kasuwannin Afirka ta Yamma, ƙugiya ɗari iri ɗaya, girma ɗaya, mai kaifi, ga araha. Maƙeri ba zai iya wannan tsere ba. Daga nan ne lambobin ƙugiya suka shigo bakin masunta.

Garin nan kuma ya zama mashigar kifi ko da bai zama matattarar masunta ba. Bandar Tafkin Chadi tana da babbar kasuwa a ƙasar Ibo, kuma da hanyar jirgi ta kai Maiduguri a 1964, sai ya zamana wanda duk ya biyo dogo daga Barno zuwa gabas sai ya ratsa ta tasharmu. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya katse wannan ciniki, bayan yaƙi kuma manyan motoci suka riƙa karɓe lodi daga hannun jirgi. Dillancin busasshen kifi dai ya riga ya zauna a hannun mutanenmu.

Juyi na biyu zaren roba ne. A 1935 aka ƙirƙiro nailan a kamfanin DuPont na Amurka, zuwa shekarun 1950 da 1960 ragarsa ta game ruwayen Najeriya. Ba ta ruɓewa, kifi ba ya ganinta sosai, kuma a saƙe ake sayenta, kowane irin ido mutum yake so. Sannan aka shiga zamanin madatsun ruwa: Kainji a 1968, Tiga a 1974, Shiroro a 1990, sai Gurara a kudancin jihar nan, wanda ake jan ruwansa zuwa Abuja. Kowane tafki ya cika, masunta Hausawa sukan bi shi su kafa tunga. Kamu ya ƙaru ƙwarai a farko. Da manyan kifaye suka fara ƙaranci sai aka rage idon raga, da na tsakiya suka ƙare aka ƙara ragewa, har aka kai inda muke yau, ana jan gidan sauro a rafi.

Mafi muni shi ne guba. Gammalin 20 maganin ƙwarin koko ne, amma ya zama abin zubawa a ruwa a sassa da dama na ƙasar nan. Magimfar da, ƙarfinta na gushewa cikin 'yan kwanaki. Shi kuwa wannan yana kashe babba da ƙarami da ƙwai, ya zauna a laka, ya shiga jikin wanda ya ci kifin. Dokar su ta ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya da wutar lantarki, ta kuma ƙayyade faɗin idon raga. A 2009 ƙasashen duniya suka sa sinadarin da ke cikin wannan magani a jerin waɗanda za a daina. Doka tana nan a takarda, sai dai bakin rafi ba ɗan sanda. Ruwa ba ya tsami banza, kuma in rafi ya mutu, kowa a unguwa ya san hannun da ya kashe shi.

Ita sandar da samari ke saye yanzu, nata tarihin daban ne. Masu kamun nishaɗi a Turai da Amurka suka raine ta. Wani Bature a Ingila mai suna Illingworth ya yi rajistar kwarkwaro mai tsayayyen kai a 1905, wanda zare ke zarewa daga bakinsa in an yi jifa. Bayan yaƙin duniya na biyu samfurin Mitchell 300 na Faransa ya yaɗa irinsa ko'ina, kuma kusan duk wanda ke kasuwarmu yau jikansa ne. Kifin ƙarya kuwa, wani masunci talaka a ƙasar Finland, Lauri Rapala, ya sassaƙa nasa a 1936 da ɓawon itace, ya lulluɓe shi da takardar gwangwani mai ƙyalli. Ya lura cewa babban kifi yakan zaɓi ƙaramin da ke tafiya yana tangaɗi, sai ya yi abin da ke kwaikwayon tangaɗin. Dabarar ke nan har gobe.

Ga inda tarihin ke da amfani ga mai saye. Shi bas kifi ne mafarauci, da ido da motsi yake kamu, don shi aka tsara yawancin kayan nan. Wanda ya fi shahara cikin waɗanda aka taɓa kamawa, a jihar Jojiya a 1932, kilo 10 ne da 'yan kai. Takwaransa a wajenmu giwan ruwa ne, wanda kan haura kilo 100, kuma kifin da ya ci gasar Argungu a 2005 kilo 75 ya yi. Tsage da tufi ma mafarauta ne, suna bin kifin ƙarya. Tarwaɗa kuwa da ƙamshi da gashin baki take neman abinci, musamman da dare ko a ruwa mai laka, karfasa kuma rabin cinta ganye ne da gansakuka. Wanda ya sayi kifin roba na dubbai ya je rafin bayan gari da damina, zai wuni yana jifa, yaro mai tana a gefensa yana cika kwano.

Saboda haka tambayar farko ita ce: wane ruwa za ka, wane kifi ke ciki? In rafukanmu na kusa ne, sanda mai tsawon mita 2 ko ɗan fiye, mai laushin kai, ta wadatar, don doguwa tana sarƙewa a itatuwan bakin rafi. Kwarkwaro ƙarami, mai lamba 2500 zuwa 3000, da zaren da ke ɗaukar kilo 4 zuwa 7. In tafiyar Gurara ce ko Shiroro, neman giwan ruwa, sai sanda mai ƙarfin gindi, kwarkwaro mai lamba 5000 ko sama, zare mai ɗaukar kilo 15 zuwa 25. Mai neman tsage ya sa ɗan guntun waya tsakanin zare da ƙugiya, don haƙoransa na yanke roba kamar almakashi.

A wajen saye, kada launi ya ruɗe mu. A juya hannun kwarkwaro a ji ko yana tafiya sumul. A ja zare a gwada birkinsa, wato abin da ke sakin zare a hankali in kifi ya fizga. Birkin da ke cijewa yana saki shi ke tsinka zare ranar da babban kifi ya zo. A duba zobban sanda, in akwai mai tsagewa zai riƙa cin zare. Lambar ƙugiya kuma a juye take: lamba 10 ta fi lamba 4 ƙanƙanta, in an wuce lamba 1 sai a shiga 1/0, 2/0, 3/0, nan kuma girma ke ƙaruwa. Karfasa ƙaramin baki gare ta, 8 ko 10 ta ishe ta. Tarwaɗa daga 2 zuwa 2/0. Kifin ƙarya kuma guda biyu ko uku sun isa farawa: mai kamar cokali mai ƙyalli, da mai siffar ƙaramin kifi. Amfaninsu da rani ne, lokacin da ruwa ya kwanta ya yi garau. Araha dai ba ta ado, amma tsada ma ba ta kama kifi.

Akwai alheri ɗaya a wannan sabon yayi da ya kamata mu riƙe. Fatsa kifi ɗaya take kamawa a lokaci ɗaya, mai ita yana ganin abin da ya kama, yana da ikon mayar da ƙarami ruwa. Tarwaɗa tana zuba ƙwai ne a farkon damina cikin ciyawar da ruwa ya malale, uwar karfasa kuma a baki take riƙe ƙwai da 'ya'yanta. Wanda ya san wannan ya san watannin da ya kamata a ɗaga ƙafa. Abin da Sarkin Ruwa ke yi ke nan tun da. A Argungu, inda bikin su ya samo asali a 1934 da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, rufe Matan Fada ake yi har sai ranar gasa, shi ya sa ake samun abin nunawa. Bikin kansa alamar sulhu ne tsakanin Kabawa da Sakkwatawa bayan dogon gaba.

Mu a Kafanchan ba sai an yi mana dogon bayani a kan sulhu ba. Mun ga 1987, mun ga 2011, mun san yadda ƙaramin abu ke zama gobara. Rafin da ɗanmu zai jefa fatsa yana ratsa gonar wani, matan wani ƙauye na ɗiban ruwansa, shanun wani na sha a ƙasa. Guba kwalba ɗaya daga hannun yaro ɗaya, sunan unguwa gaba ɗaya za a kira. Don haka wanda zai je su ya yi sallama da masu wurin, ya tambayi gurbin da ba a taɓawa, kada ya bar tsinkakken zare da ƙugiya inda yara da dabbobi ke bi. Iyaye kuma in yaro ya nemi kuɗin sanda, a tambaye shi ruwan da zai je da kifin da yake nema. In ya iya amsawa, a saya masa. In bai iya ba, a haɗa shi da dattijon da ya san tana da gara, ya fara daga nan.